Gyaran Ƙafafun Fijo Kafin Kubra Ta Sauka

Bunkure,
Fabrairu, 1985.

Zuwa ga Yaya Sada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa Fatakwal ta ci gaba da karɓar ku. Mu nan alhamdulillahi. Gwiwar Inna ta yi sauƙi har tana fita barka, ruwa bai yanke a kanal ɗin noman rani ba bana, tumatir kuma ya nuna.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Cikin matata Kubra ya tsufa, ka kuma san wahalar da ta sha a haihuwar fari, har muka rasa yaron. Da muka je awo, malamar asibiti ta ce kada mu kuskura ta haihu a gida, da naƙuda ta fara a miƙa ta Kano. Abin hawa kuwa duk unguwarmu babu sai tsohuwar Fijon nan a-kori-kura da ka bar mini. To makon jiya na ɗauko tumatir ta hanyar gefen kanal, sai gabanta ya fara ƙara ƙwas-ƙwas a kowane rami, sitiyari ya yi tauri. A kwanar gada da ƙyar na juya ta, saura ƙiris in zunduma cikin ruwa. Na sauko ina tunanin da Kubra ce a gefena fa.

Na lallaɓa ta zuwa Kura wurin Uba bakanike. Ya danna gabanta ya saki, ta yi ta lilo. Ya ce shokazoba biyun gaba sun zubar da mai, boris ɗin da ke samansu, wanda ƙafar ke juyawa a kansa in an murɗa sitiyari, shi ma ya cinye. Muka shiga Kano muka karaɗe masu kayan mota, kowa ya ce tun da aka takura shigo da kaya sabo ya ɓace. Sai boris na wata mota da ta yi hatsari muka samu. Shokazoban kuwa Uba ya ce zai buɗe su ya wanke, ya canja roba ya zuba sabon mai.

Wurin cire sifirin da ya naɗe shokazoba ne abin ya so ya ɓaci. Uba ba shi da abin matse shi, sai ya ɗaure da sarƙa. Yana kwance notin sama sarƙar ta zame, sifirin ya yi tsalle ya fasa kwanon rumfa, ya tsaga masa babban yatsa. Na ce mu bari sai ya warke. Ya naɗe hannun da tsumma, ya ce mai ciki ba ta jiran yatsa. Duk kwanakin da motar ta yi a kan duwatsu, in na hango mai keke daga wajen Bunkure sai in ɗauka labarin Kubra ya kawo. Rannan kuwa maƙwabcinmu Iliyasu ya zo a guje, wai Kubra na ciwon baya. Ya goyo ni a kekensa har gida ina ta salati, muka tarar ya lafa.

Jiya aka gama. Inna ta ce ba ta yarda ba sai ta gwada da kanta. Ta zauna a gaba da kwanon ruwa a cinya, muka bi hanyar kanal ɗin, ɗan kaɗan ya zuba, sannan ta ce to. Amma Uba ya ja kunnena cewa boris ɗin hagu yana da tabo, zai kai mu Kano, sai dai kada in ɗora mata kaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, don haka na bar tumatir a gona, masu lori suna ɗiba yadda suka ga dama, wani yana ruɓewa. Don Allah in ka samu sabo a can, ka ba Lukmanu direban tanka ya taho da shi.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka sa Kubra a addu'a. Ka gai da Yaya Mairama, da Tambaya, da Ibrahimu. Motar tana ƙofar gida, na cika ta da mai, na juya kanta ya kalli hanyar Kano. Ko masallaci zan je, makullin yana aljihuna.

Ni ne ƙaninka,
Musbahu.