Littafin Baba a Bakin Wani

Buckie, 4 ga Maris, 1986

Zuwa ga ƙanena Alick,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da matarka Morag. Mu ma lafiya, sai idon Baba da kullum ke ƙara dushewa.

Takardun da ka aiko sun iso. Haba Alick, me ka yi ke nan? Shekara shida Baba yana rubuta rayuwarsa ta kamun kifi da yarenmu na bakin teku. Ya damƙa maka ka kai wa masu buga littafi, kai kuma ka juye shi kaf zuwa Turancin makaranta. Shafi uku na karanta na ajiye, sai ka ce mai labaran rediyo! Ina Baba a ciki? Ka mayar masa da maganarsa tun ba a buga ba.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Elspet

Edinburgh, 11 ga Maris

Zuwa ga Yaya Elspet,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, a gaishe mini da Baba.

Ki yi haƙuri, amma ba ki san yadda harkar take ba. Edita ya ce in ba a gyara ba, da an wuce yankinmu na Aberdeen ba mai gane ko layi ɗaya. Ni so nake Scotland duka ta karanta shi. Ni da ke mun sha bulala a makaranta kan yaren nan, ba zan bari a yi wa Baba dariya da tsufansa ba. Ban taɓa ma'ana ba, kalmomi kawai na daidaita. Ranar 28 za a fara bugawa. Ki karanta masa, za ki ga zai ji daɗi.

Naki da ladabi,
Alick

Buckie, 19 ga Maris

Alick,

Ina gaisuwa, duk da raina a ɓace yake.

Na karanta masa kamar yadda ka ce. Da na ɗan yi nisa sai ya ce, "Elspet, wannan malamin ɗan wane gari ne? Ya san jirgina kuwa." Na daure na ci gaba har babin da ƙanensa, Baba Dod, ya nutse.

Kai da ka tashi a gidan nan, ka manta akwai kifin da masunci ba ya kiran ainihin sunansa a cikin jirgi? Jan kifi ake cewa, in kuwa wani ya yi suɓul da baka sai kowa ya damƙi ƙarfe don a kore masifa. Jan kifi Baba ya rubuta. Kai da iyawarka ka sa sunan ɓaro-ɓaro a bakinsa, a cikin jirgi, da safiyar ranar da Dod ya faɗa ruwa! Ni ma ban ankara ba sai da ya fita daga bakina.

Baba ya cafki ƙarfen gado. Ya ce, "Ban faɗa ba. Wallahi ban faɗa ba." Matar Dod tana nan da ranta, layi biyu ne tsakaninmu. In ta karanta wannan, me kake so ta ɗauka?

Ka ce Scotland za ta karanta. Wace Scotland ɗin? Mu nan ba Scotland ba ne? Tun ranar bai sake tambayar littafin ba. Na gaji, Alick.

Sai na ji daga gare ka.
Elspet

Edinburgh, 24 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ku.

Na janye littafin. Sun ce ba za su buga shi da yare ba, na ce su bar shi. Ina tafe ranar Asabar da ainihin rubutun Baba. Ki roƙe shi ya bari in karanta masa da kaina.

Amma ki zauna kusa da ni. Jiya na gwada karanta shafin farko a fili, bakina ya kasa furta yarenmu.

Ƙanenki,
Alick