Kunnen Illo

Lyon, Talata, 21 ga Yuni, 2011

Yaya Raliatou,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da Malam Salifou da yara. Ya ƙafar Inna? Ta daina kumburi? Ya zafin Damagaram?

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe nake rubuta miki wannan, ina zaune kan dakalin bakin kogi daura da makarantarmu, takardar shaidar gama karatu tana cikin jakata. Na ci jarrabawa, kuma ni na zo na ɗaya. Wannan shi ne abin da za ki gaya wa Inna. Sauran naki ne ke kaɗai.

Kin sha tambayata me nake koyo, tunda ba na kaɗawa ba na busawa. Aikin jagoran makaɗa shi ne ya tsaya gaban mutum sittin da ƴar siririyar sanda, ya nuna wa kowa inda zai shiga, da saurin da za a tafi, da wanda zai sassauta don a ji wani. Shi kansa ba ya fitar da sauti. Idan makaɗan ba su yarda da shi ba, hannunsa kawai yake wahalarwa.

Kin san Illo, mutumin Tahoua da muke aji ɗaya, ɗaki ɗaya a unguwar Vaulx-en-Velin, wanda ya yi busar ƙaho a ƙungiyar kiɗan soja a Yamai. Ni na koya masa karanta babban littafin da ke ɗauke da rabon kowane makaɗi. A makon jiya wata ƙungiyar makaɗa ta Paris ta gwada mu, tana neman mataimakin jagora. An zuba kurakurai da gangan cikin takardun makaɗan don a ga wanda kunnensa zai kama. Na kama duka. Shi kuwa Illo, kurakurai biyu sun wuce shi. Amma a can makaɗa ne ke zaɓe, kuma suna da wata al'ada: idan jagora ya burge su ba sa tafi, sai su riƙa goga ƙafafunsu a ƙasa. Da na gama na sauka daga dandamali, sun ce an gode. Da Illo ya sauka, ina tsaye a bayan ƙofa na ji ƙarar ƙafafun nan.

Shi aka ɗauka. Na rungume shi, na yi masa barka, na dafa mana shinkafa da wake. Yaya, ban iya cin rabona ba. Na sake duba duk abin da na yi a gwajin nan, ban ga inda na yi kuskure ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Ki gaishe da kowa. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Kamalu

Paris, Lahadi, 20 ga Nuwamba, 2011

Yaya Raliatou,

Ina gaishe ki da fatan alheri. Na samu saƙonki, na ji daɗi da Inna ta fara zuwa kasuwa da kanta. Allah Ya ƙara sauƙi. Ƙarfe tara na safe ne, ina cikin jirgin ƙasa mai komawa Lyon, bai tashi ba tukuna.

Har yanzu yara nake koya wa kiɗa a unguwa, ba abin da ya sauya. Ranar Laraba Illo ya kira ni. Babban jagoransu ya kwanta asibiti, an ce shi zai jagoranci wasan ranar Asabar, karonsa na farko gaban jama'a. Ya roƙe ni in zo in zama kunnensa. Ga abin da ake nufi: wanda ke tsaye tsakiyar makaɗa ba ya jin abin da masu kallo ke ji. Dole wani ya zauna cikin zauren lokacin gwaji, ya gaya masa in wasu sun danne wasu. Ba kowa ake ba wannan amanar ba. Na sauka wajensa a unguwar Aubervilliers da ke bakin Paris, ya bar mini gadonsa ya kwana a ƙasa. A cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ce duk abin da na ji in gaya masa da Hausa, don kada makaɗan su san inda rauninsa yake. Na ce to.

A gwajin ƙarshe akwai mawaƙiya. Daga inda na zauna, duk lokacin da masu busa suka shiga sai muryarta ta ɓace. Na kuma ga dalili: Illo yana buɗe musu hannu da yawa, ya juya jikinsa gare su kamar yana cikinsu. Da ya tsayar da kiɗan ya waiwayo, ya ce, "Malam Kamalu, ya ka ji?"

Na miƙe na amsa masa da Faransanci, da muryar da ta isa har layin baya. Na ce ba a jin mawaƙiyar, kuma laifin ba na masu busa ba ne, hannun jagora ne, wanda har yanzu bai manta cewa shi ɗan busa ba ne. Wani cikin masu goge ya yi dariya. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, na tabbata. Illo ya tsaya yana kallona, sannan ya ce da Hausa, a hankali, "Na ji. Na gode." Ya juya, ya rage hannunsa, muryar ta fito.

Wasan ya yi kyau, jama'a sun daɗe suna tafi. Bayan an tashi, shugabar ƙungiyar ta same ni ta ce kunne irin nawa ba shi da yawa, ta karɓi lambata. Illo yana tsaye kusa, yana sa sandarsa cikin kwalinta. Mun koma gida tare, ya yi ta hirar yadda wasan ya gudana. Bai ta da maganar abin da na yi masa a gwajin ba. Yau da safe shi ya ɗauko mini jaka har tasha.

Ga abin da ban sani ba har yanzu. Ban sani ba ko makaɗan za su ci gaba da ganin girmansa. Ban san aikin da shugabar take nufi da karɓar lambata ba, ko wani ne sabo, ko nasa. Ban sani ba ko zai sake kirana in zauna masa a zaure. Kuma idan nasan ne za a ba ni, Yaya, ban san amsar da zan bayar ba. Ina tsoron cewa na riga na san ta.

Kada ki karanta wa Inna wannan. Ki ce mata ina lafiya, kuma Illo yana gaishe ta, don ya ce in gaya mata.

Naki har kullum,
Kamalu