Sun Cire Sunan Yohanna Daga Waƙarki

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa da ban girma daga ɗanki Ishaya, daga nan Doha. Shekara huɗu ke nan da kika huta, amma yau dole in kawo miki ƙara, don raina a ɓace yake.

Danladi ɗan ƙanwarki ya kafa ƙungiyar kiɗa a Jos. Irin kiɗan kantirin nan na Amurka suke yi da Baba yake so a rediyo, sai dai sun haɗa jita da molo. Sun shiga situdiyo sun fitar da kundin waƙoƙi tara. A motar kamfani na saurara, muna hanyar garin Lusail don gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. Da aka zo ta uku sai na gane ta nan take.

Waƙarki ce, Mama. Wadda kika yi bayan ramin kuza ya rufta da yayana Yohanna. Kina sussukar acca kina rera ta, kina kiran sunansa sau uku, mu kuma mu yi tsit a bayan rumbu. In muka matso sai ki ce, "Ku tafi wasa, hira nake da ɗana."

Sun cire Yohanna sun sa Rahila. Kukan uwa ya koma waƙar saurayin da budurwa ta yi wa yaji!

Wannan bai ishi Danladi ba. Na ji hirar da aka yi da shi, wai duwatsun Filato da mawaƙan Amurka masu faffaɗar hula ne suka ba shi basira, ita kuwa ta ukun tsohuwar waƙar gargajiya ce, ba a san mai ita ba. Ba a sani ba? Yaron da ya ci tuwonki shekara shida? Na kira shi, ya ce sunan mace ya fi shiga kunne. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zai hana ni shiga coci.

Amma ni ma da laifina. Ni na ɗauki muryarki a waya a zuwana hutu na ƙarshe kafin ki rasu, ni na tura masa, ina alfahari.

Abin haushin, kiɗan ya yi daɗi. Abokan ɗakina a unguwar Al Rayyan sun haddace ta. Jiya 'yata Saratu, jikarki, ta aiko min da saƙon murya daga gida tana rera ta, muryarta sak taki. Sunan Rahila ta kira, sau uku. Ba ta san tana da baffa ba, don ban taɓa iya ba ta labarinsa ba.

Ranar Juma'a ba aiki. Zan kira ta in koya mata daidai, ko da zan yi kuka a gabanta.

Ubangiji ya ba ki hutu, ke da Yohanna, ya ba ni haƙurin da ba ni da shi yau.

Ɗanki da ya rage,
Ishaya