Wane Mazari Ne Ke Zuwa da Ruwa, Manu?

Zuwa ga ƙanena Usmanu, wanda muke ce wa Manu, a Damazin ko duk inda wannan takarda ta same shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar 'yan uwa, ina tambayar lafiyarka da aiki da zaman baƙunta. Mu nan ƙauye sai godiyar Allah. An gyara hawasharmu, wato gonarmu ta noman ban ruwa, an sako ruwa a tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki, ana shirin shukar dawa.

To, gaisuwa ta ƙare. Yanzu ka buɗe kunne.

Wannan takarda ban ba Bashir direba ita ba. Malam Isa mai fataucin barkono na ba, na roƙe shi ya karanta ta da ƙarfi a ƙofar masallacin Hausawa bayan Juma'a. Na san ba kai kaɗai za ka ji ta ba. Masu saurare su gafarce ni, ba tonon asiri na fito yi ba, ƙanena nake nema.

Tun da ka tafi aikin gina madatsar ruwa ba mu sake sa ka a ido ba, sai saƙo. Abokinka Bashir yakan tsayar da lorinsa a bakin tur'a, ya shigo da sukari da ganyen shayi, ya ce kana gaisuwa, aiki ne ya yi maka yawa. Da farko na yarda. Amma sai na lura ba ya zama. Bashir ɗin da ke cinye mana kisra, wainar dawar nan tamu, har ya suɗe kwanon miya, yanzu ko ruwa ba ya sha a gidanmu. Yana magana yana duban ƙofa. Kuma takardar da ake ƙunshe sukarin ta wani kanti ce a Wad Madani, na san ta sarai, can nake sayen zare. Su mutanen Damazin ba su da sukari ne?

Ban faɗa wa Inna ba. Idonta ya yi yana, ba ta gane mutum sai ya yi magana. Amma ka san uwarka, idon ne ya tafi, hankalin na nan daram.

Ka tuna muna ƙanana, in tana ciyawa a hawasha, yadda take zaunar da mu a bakin ƙaramar tur'a? Don kada mu faɗa ruwa ta ba mu aikin kallon mazari masu shawagi a kan ruwa, ta ce kowa ya kawo mata labarin wanda ya gani. Ita ta raɗa musu sunaye, ba sunan da kowa ya sani ba, namu na gida.

Akwai jan nan, Mai Gadi, wanda ke zama a kan tsinin kara da tsakar rana. Ka kore shi ya zaga ya dawo kan karan nan dai. Shi rani da damina yana nan, muddin tur'a da ruwa. Akwai Mai Toka, wanda ya fi son zama a kan taɓo. Sai siririn nan, Allura, da ke naɗe fukafukai cikin ciyawa, in ba da sassafe ka tsuguna ba ba za ka gan shi ba. Kai da rashin haƙurinka ba ka taɓa riga ni ganinsa ba, kada ma ka musa.

Bi-Sawu kuwa a bakin kogi muka san shi, ranar da Baba ya kai mu kasuwar Rufa'a muna jiran jirgin fito. Mai baƙin zane a fukafuki, yana bin ƙafar mutum ƙasa-ƙasa. Ka yi ta gudu kana kuka wai ya biyo ka, har takalminka ɗaya ya tafi a ruwa.

Amma babbansu a wajen Inna su ne Alhazai. Masu launin dawa, ba sa zama a kara, ba ruwansu da tur'a. Su zo tuli guda su cika sararin gona in hadari ya fara haɗuwa ta kudu. Inna takan ce, "Waɗanga awa kakanninku suke. Wucewa hajji suka zo yi, ruwa ya tsai da su." Kai ne kullum mai shigowa gida a guje kana ihu Alhazai sun iso, Baba ya tashi ya duba iri.

Da haka Inna ta gwada Bashir, ban ma san ta shirya ba. Ya zo zai tafi ta ce in ya koma ya tambayar mata kai, wane mazari ne ke zuwa da ruwa. Ya yi 'yar dariya ya ce zai tambaya.

Da ya dawo ya ce ka ce jan nan mana.

Ja! Manu, ja? Ko cikin barci aka tashe ka ba za ka ce ja ba.  Inna kuwa ta sa masa albarka, ta yi masa godiyar hidima. Da ya fita ta ce in ɗora sukarin can saman rumbu. Tun ranar shayinta ba sukari take shan sa. A da ko wace lori ta wuce sai ta karkata kunne, yanzu ta bari. Muna zaune gida ɗaya kowa na ɓoye wa kowa.

Ba irin tunanin da ban yi ba. Na ce ko an tsare ka ne, Bashir na rufa maka asiri. Na ce ko ciwo ne. Ko kuma abin da ake faɗa ne, wai samarinmu in sun je can sai su ajiye Hausa, su canza suna, kada a san daga inda suka fito. Watakila Bashir ya tambaye ka da gaske, ka ɗaga kafaɗa ka ce masa ya ce ja, maganar tsofaffi ce. In haka ne ka ci amanar nono, kuma in na gan ka sai na ja maka kunne a gaban ko waye. Amma wallahi, ɗan uwana, wannan na fi so. Na fi so a ce ka manta da mu kana cin abincinka lafiya.

Jiya Alhazai suka iso. Na kamo hannun Inna na fito da ita bakin ƙofa, na ce mata sun cika gona har kan rumbu. Ta ɗaga fuska sama ta daɗe. Sai ta ce, "Bana ba mu samu mai yi mana ihu ba."

Ka ga na faɗi amsar tambayar Inna a bainar jama'a, ba ta da sauran amfani. Ga tawa. Akwai ƙaton nan mai koren ƙirji, wanda ke kai da komo a kan babbar tur'a gab da magariba. Shi ba Inna ta raɗa masa suna ba, kai ne, kuma har Baba sai da ya yi dariya ya zubar da shayinsa. Ban rubuta sunan a nan ba, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba na son sukari, ba na son tufa. Ka faɗa wa Malam Isa kalmar nan ɗaya, ya kawo mini.

In kuwa babu mai amsawa, wanda ya san gaskiya ya ji tsoron Allah. Bashir, in kana cikin masu saurare, na san ba da mugunta kake yi ba, amma tsohuwa ce ke tashi daga sallah ba ta san wace addu'a za ta yi wa ɗanta ba, ta mai rai ko ta mamaci.

Allah ya tsare ka, Manu, ya ba ka lafiya, ya juyo da fuskarka gida tun Inna na iya gane muryarka. Ɗayar addu'ar tana bakina, na riƙe ta, ban yi ba tukuna.

Yayarka mai jiran Malam Isa,
Hauwa'u