Kuɗin da Bature ya bari ƙarƙashin kwano

Laraba, bayan isha'i, Panshekara

Yau na kai Baturen da ya zo gyara mana injin jimar fata rumfar Hajiya Lami mai abinci, can gaban kamfaninmu a Challawa. Ya cinye tuwonsa tas, na biya, shi kuma ya soke dubu biyu ƙarƙashin kwano muka tashi.

Ba mu kai bakin ƙofar kamfani ba sai ga Hajiya tana haki. "Malam Sani, baƙonka ya manta kuɗinsa."

Na ce ba mantuwa ba ce, a ƙasarsu in an ci abinci akan bar wa wanda ya kawo ɗan wani abu.

Ta ɓata rai. "Sadaka zai ba ni? Ni ce ma na yi masa gyara, tsoka biyu na ƙara masa don baƙo ne." Ta danƙa mini kuɗin ta juya.

Ina ta dariya, sai Baturen ya ce ai a can da wannan ɗan abin masu kawo abinci suke riƙe gidajensu. Nan dariyata ta tsaya.

Bara da kamfani ya tura ni ƙasar tasu, kwana shida ina ci a wuri ɗaya. Dattijuwar da ke kawo mini abinci ta gane ba na cin alade, kullum ita ke nuna mini abin da zan zaɓa. Ni kuwa sai in biya daidai, in kwashe canjina kaf, in ce na gode.

Hajiya ta biyo mu da gudu. Waccan baiwar Allah ba ta taɓa biyo ni ba, murmushi kawai take yi ta ɗauke faranti. Ko sunanta ban tambaya ba.