Haƙorin fiyanon da ya tona mini asiri

Zuwa ga ɗana Ayanleke, a Abidjan.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Morenike da jikokina, ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa albarka a shagonka. Mu nan Ejigbo lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ba ta jin magani. Ƙanwarka Bolatito ta sauka, an samu mace mai kunnuwa irin na gidanmu. Doya ta yi kyau bana. Mama Ticha, matar marigayi ƙanena, ita ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Na sa ta yi alkawari ba za ta gyara mini magana ba, don haka in ka ji ɗaci, nawa ne.

Maganar fiyanon lantarkin da ka aiko wa cocinmu bara ce. Kada ka ɗauka na manta. Kai ɗan gidan makaɗa ne, sunanka ma ya nuna, amma ka rasa abin aikowa sai akwati mai haƙora, aka ce in rataye kalanguna bayan shekara arba'in da ɗaya ina kaɗa wa Ubangiji. Ranar da aka fara kunna shi na faɗa a gaban kowa cewa abin da ba shi da fata ba shi da baki, kuma wata rana haƙoran nan za su zube. Na faɗa, har yau ban janye ba.

To, saura mako biyu a yi godiyar girbi sai haƙori ɗaya ya mutu, farin nan da mawaƙa ke kira mi. Folarin, shugaban mawaƙa, ya danna ya danna, shiru. Kafin a tashi daga sujada magana ta zaga. Dikin Oyewusi, mai hidimar coci, wanda tun da uwarka ta ƙi shi ta aure ni bai yafe mini ba, ya miƙe a taron dattawa ya ce wa ke riƙe da makullin coci? Wa ya yi wa abin baki? Ya ce ko na zuba masa wani abu ko na yi masa asiri, don haka a karɓe makullin, a ɗauke ni daga bencin dattawa. Ni fa, ɗana! Ni da na ɗauko ƙasar ginin cocin nan a kaina! Na ce masa in da asiri nake yi, ai da nasa haƙoran zan fara, guda huɗun da suka rage. Fasto ya raba mu, ya ce a kira mai gyara ya buɗe a gaban kowa, abin da aka gani shi ne shaida.

Ran Asabar bayan cin rana aka kira Lasisi mai gyaran rediyo na bakin tasha. Matan zumunta ma da suka zo shara suka jingine tsintsiya suka kewaye mu. Lasisi ya kifa abin a kan tebur, ya kwance kusoshi ya zuba su a hularsa, yana tsokanata wai shi Musulmi ne, in aljani ya fito daga ciki Fasto ne zai kama. Da ya ɗaga murfin na leƙa, sai na riƙe baki. Ashe babu komai a ciki! Ba tsirkiya, ba fata, sai wani koren faranti da doguwar roba mai ƙuraje, kowane haƙori da ƙurjinsa. Wannan ne aka kore ni dominsa.

Ya zare haƙorin da ya mutu, ya ɗaga robar, ya lakato wani abu baƙi da ɗan yatsa ya kai hanci. Sai ya yi atishawa. Ya ce wannan ba asiri ba ne, man kaɗanya ne da garin taba suka daskare a kan baƙin ɗigon da ke taɓa farantin, shi ya sa wuta ba ta wucewa. Ya ce kuma haƙora uku ne kawai ke da wannan dauɗar, do da re da mi, sauran tas suke. Kowa ya juyo ya kalli hannuna. Ka san duk cocin nan ni kaɗai ke shaƙar taba, kuma makaɗi ba ya rabuwa da man kaɗanya a tafinsa. Oyewusi ya yi tsalle kamar ba shi ke tafiya da sanda ba, yana cewa kun gani, ya ɗura masa! Lasisi ya ce a'a Baba Dikin, wanda ya ɗura ba ya zaɓen uku, wannan aikin yatsa ne, yau kaɗan gobe kaɗan, wata da watanni.

Ya goge wurin da auduga da sifirit, ya goga bakin fensir a kan ɗigon, ya mai da komai ya ɗaure. Folarin ya danna, haƙorin ya amsa. Sai Lasisi ya ce bari ya gwada sauran maɓallan, ya taɓa wani na kusa da jar fitila. Ɗana, abin ya fara kiɗa shi kaɗai, babu hannun kowa a kai. Do, do, mi. Do, do, mi. Tsigar jikina ta tashi, na zauna ban shirya ba. Iya Alaro mai rini ce ta fara ganewa, ta ɗora hannu a ka ta ce wayyo, Aduke yake kira, wato uwarka! Daga nan ya zarce da kirarin uwarka tun daga farko, wanda nake kaɗa mata in ta taso da rawa za ta kai baikonta na sadaka gaban coci, har da wurin da yatsana ya zame na sake. Matan suka riƙa bin sa da baki, rabinsu na kuka.

Tunda akwatinka ya riga ya faɗa, bari ka ji daga bakina. Shekara biyu da rasuwarta ban iya kaɗa kirarin nan a kalangu ba, don kalangu ba ya raɗa, duk unguwa za ta ji ta ce tsoho ya zauce. Wata Alhamis na shigo buɗe tagogi, na taɓa abin don in tabbatar wa kaina ba ya magana. Sai na tarar muryoyi ukun harshenmu da kalangu ke magana da su, do da re da mi, suna nan jere, ga kuma wurin rage ƙara. Tun ranar, kowace Alhamis nake kaɗa mata kirarin a kansa a hankali. Ƙarshen sunanta a kan mi yake, shi nake duka da ƙarfi. Wa ya gaya mini abin yana da kunne? Wa ya gaya mini yana haddacewa? Ka aiko mana ɗan gulma ba ka yi mana bayani ba. Kalanguna shekara arba'in da ɗaya bai taɓa kai ƙarata ba.

Fasto ya ɗauki makullin daga tebur ya sa mini a aljihu da hannunsa. Oyewusi ya fita yana fyace hanci, wai ƙura ce. Yanzu Folarin na bina wai in ɗauko kalangu ran girbi mu haɗa. Na ce zan yi tunani. Har yanzu ina nan a kan bakana, abin ba shi da fata, maganarsa kamar ta mai mura ce. Kuma Lasisi ya kafa mini dokar wanke hannu, ka ji raini.

Da na zauna yin takardar nan, niyyata in tambaye ka yadda ake goge abin da ya haddace. Mama Ticha ta ajiye biro ta tsaya tana kallona. To, na fasa. In Folarin ya bugo maka waya yana tambaya, ka ce ba ka sani ba.

Ka gaishe mini da Morenike, da Ayanbisi da ƙaninta, da kawunka Ojelabi, ka ce masa na ji ya zo gida bai leƙo ni ba. Bolatito da Mama Ticha suna gaisuwa. Ubangiji ya haɗa fuskokinmu.

Ni ne ubanka,
Ayandokun