Bindigar Ammu Muƙbil

Litinin, 1 ga Maris, 2004

An kawo bindigogin sulhu. Rigimar ruwan gonar inabi tsakanin gidan Muƙbil da gidan Sinan. Kowane gida ya miƙa wa surukina, Shaikh Hizam, bindiga ɗaya, alamar sun yarda da hukuncin da zai yanke. Ranar hukunci a mayar wa kowa tasa. Ya ba ni su in kulle, ni mijin 'yarsa da ke zaune a gidansa tun dawowata daga Jidda.

Ta dattijo Muƙbil, da muke kira Ammu, wato baffa, tun zamanin Turkawa take. Ƙotarta baƙa ƙirin, dauɗa da maiƙo, har kama hannu take. Ƙazanta!

Laraba, 3 ga Maris

Shekara goma sha ɗaya ina kafinta a Jidda, amma a nan ban wuce "mijin Taƙiyya" ba. Bari su ga aikin hannuna.

Taƙiyya ta ce, "Naji, an ce ka ajiye, ba a ce ka gyara ba."

Na ce mata me ta sani game da katako.

Alhamis, 4 ga Maris

Na kwance ƙotar, na wanke da ruwan zafi da sabulu, na bi ta da samfefa. Akwai wata lotsawa a gefen dama, na share ta tas. Banish shafi biyu. Har fuskata nake gani a jiki.

Asabar, 6 ga Maris

Innalillahi.

Na kai wa Usɗa Galib, mai gyaran bindiga a kasuwa, wai don ya yaba. Ya juya ta, ya sake juyawa.

"Wane jaki ne ya yi wannan?"

Na ce wani ne.

"To ka gaya wa wanin, ya goge hatimin soja da ke jikin katakon. Jiya da masu tara tsofaffin bindigogi sun ba da mota a kanta. Yau ƙafar kujera ce." Ya ce tsumma da ɗigon mai kawai ake sa wa irin wannan. Sai ya duba lambar ƙarfen, ya ɗago kai. "Wannan ba ta Muƙbil ba ce? Amanar sulhu ka taɓa?"

Ban san yadda na iso gida ba.

Lahadi, 7 ga Maris

Na kankare banish ɗin. Na shafa gawayi, dusar gahawa, baƙin man mota. Ta fi da muni. Taƙiyya ta tarar da ni hannu dumu-dumu. Da ma ta zage ni. Ruwan wanke hannu ta kawo.

Talata, 9 ga Maris

Sau uku ina zuwa ƙofar Shaikh ina komawa. Matsoraci kawai.

Juma'a, 12 ga Maris

Bayan Sallar Juma'a, ɗakin baƙi cike maƙil. Aka karanta hukunci, kowa ya yarda, aka miƙa bindigogi.

Ammu Muƙbil yanar ido ta makantar da shi, da hannu yake gani. Ya shafa ƙotar. Babban yatsansa ya yi ta neman wani abu a gefen dama.

"Wannan ba tawa ba ce."

'Ya'yansa suka miƙe. Babban ya ce in har ana musanya amana a gidan Hizam, to hukuncin gidan Hizam ma ba hukunci ba ne. Mutanen Sinan suka fara janyo nasu makaman kusa. Fuskar surukina, ba zan manta da ita ba. Shekara talatin yana sulhu, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

Na tashi. Na cire rawanina na ajiye a gaban tsohon, na faɗi komai, har man motar. Wani ya fashe da dariya. Wallahi dariyar ta fi mari ciwo.

"Ramin nan," in ji Ammu Muƙbil, "yatsan babana ne. Shekara arba'in yana riƙe ta a nan, ni na ɗora hamsin. Shi kaɗai ya rage mini nasa."

Na ce ya yanke mini duk abin da ya ga dama, sa ko rago.

"Me zan yi da sa? Sa yana da yatsa?"

Ya ce wa 'ya'yansa su zauna, sulhu na nan. Ni kuma in zo gidansa gobe.

Asabar, 13 ga Maris

Ya ɗora mini bindigar a cinya, ya ɗiga man riɗi ɗigo ɗaya a tafina.

"Murza. Da hannu kawai. Kullum bayan La'asar."

Na ce, "Har yaushe, Ammu?"

"Kana sauri ne, ɗan Jidda? Wancan shekara casa'in ya ci."

Alhamis, 8 ga Afrilu

Kullum ina zuwa. 'Yan kasuwa sun sa mini suna Abu Samfefa, wato Baban Samfefa. Surukina bai ce mini uffan ba har yau, amma bai karɓe makullin ba.

Tsohon yana ba ni labarin babansa ina murzawa. Katakon ya ɗan fara duhu, ko idona ne.

Yau Taƙiyya ta ce ƙofar ɗakin mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, ta yi baƙi wurin mariƙi, in gyara kafin baƙi su zo. Na ɗauko samfefa. Baƙin ya yi ƙasa sosai, daidai tsayin gajeriyar mace.

Na ce mata samfefar ta ƙare.